Sugan Umma ya faɗi, nas tana cewa mu jira likita

Har yau in na tuna daren nan sai jikina ya ɗauki rawa. Kwanan Umma uku ke nan a gadon wani asibiti a cikin birnin Kano, ciwon suga ya kai ta, ga gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Ni ce mai jinya, tabarmata tana gindin gadonta.

Bayan isha'i nas ta zo da allurar insulin, wadda ke saukar da suga a jini. Na ce, "Sista, yau fa Umma ba ta ci komai ba, ko kunun da aka kawo daga Kurna cokali biyu ta sha ta ture." Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce haka likita ya rubuta a fayil. Ta tsira allurar ta wuce gado na gaba.

Wajen ƙarfe ɗayan dare na farka na tarar da Umma sharkaf da gumi, alhali sanyin hunturu ake zubawa. Hannunta na karkarwa, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Na ruga teburin nas ba takalmi. Amsar da na samu: "Ki yi haƙuri, ruɗewar tsufa ce, da safe likita zai zagayo."

Da safe? Mai ciwon suga, an yi mata insulin cikinta wayam, ga gumi, ga karkarwa, ga sambatu, me ya rage a jira? Wannan karatun farko ne a makarantar koyon jinya. Suga in ya yi ƙasa da 3.9 mmol/L a na'urar gwajin jini, ya faɗi. Idan mutum yana iya haɗiya, a ba shi suga kamar giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya fita hayyacinsa, sai ruwan gulukos ta jijiya, ba a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, in ta daɗe babu shi farfaɗiya ce ko suma, wani lokacin ba a dawowa. Gwajin kuwa ɗigon jini ne a yatsa, bai kai minti ɗaya ba.

Kukana ne ya jawo wata dattijuwar nas daga ɗakin da ke kusa. Ta taɓa goshin Umma, ta tambaye ni abu ɗaya: "'Yata, yaushe rabonta da abinci?" Ta gwada, na'ura ta nuna 2.4. Waya a kunne tana kiran likita, hannu yana haɗa gulukos. Ba a yi minti goma ba Umma ta buɗe ido tana tambayar wa ya jiƙa mata zani. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da Aljanna.

Na san nas ɗaya ce a kan gadaje kusan talatin a daren, na san abokan aikinsu suna ta tafiya Ingila da Saudiyya, har tsinken gwajin ma mu muke saye a kemis. Wannan laifin masu riƙe da asibitin ne, kuma ban yafe musu ba. Amma sauraron mai jinya ba ya cin kuɗi. Na faɗa mata da bakina cewa Umma ba ta ci ba, abin da ya kamata ta gwada sugan, ta kira likita kafin ta taɓa allurar.

Na kai takardar ƙorafi ofishin shugabar nas-nas, sati biyu ke nan shiru. Ranar Litinin zan koma, kuma ba zan tashi daga bencin nan ba sai an gaya min matakin da aka ɗauka.