Shakahola: sau nawa za a kama mutum a sake shi kafin a fara tono yara?

Wallahi akwai maganar da idan ka karanta sai abinci ya fita ranka. Ana zancen sababbin kaburburan da aka tono a ƙauyen Kwa Binzaro na ƙasar Kenya, inda aka zaƙulo gawarwaki sama da 30 a watan Agustan 2025, a yankin Kilifi ɗin nan dai da aka yi ta'asar Shakahola, sai ga wani bawan Allah a ƙarƙashin labarin yana cewa wai a daina takura wa mutane, kowa da addininsa, waɗanda suka mutu ai su suka zaɓi azumin da kansu. Har da masu yaba masa. To Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa, yaushe ya zaɓa? Yaro ɗan shekara huɗu da aka kulle a bukka ba ci ba sha yana kuka har muryarsa ta ɗauke, da wa ya yi shawara?

Kun san labarin Paul Mackenzie, ba sai na maimaita duka ba. Tsohon direban tasi ne a garin Malindi, ya buɗe cocinsa mai suna Good News International a 2003, daga baya ya ce ya rufe cocin, ya ja mabiyansa zuwa dajin Shakahola. Abin da masu gabatar da ƙara ke tuhumarsa da shi shi ne ya umarce su da su daina ci da sha har su mutu domin su sadu da Yesu, yara su fara, mata su biyo, maza su rufe. An tono gawarwaki sama da 400. Likitan gwamnati da ya jagoranci binciken gawarwakin, Johansen Oduor, ya ce yunwa ce ta kashe akasarinsu, amma wasu shaƙe su aka yi, wasu an toshe musu numfashi, wasu kuma duka ne ajalinsu. Wanda ya zaɓi azumi da kansa, me zai sa a shaƙe shi? A kotun Malindi kaɗai tuhumar kisan yara 191 aka karanta masa shi da mutanensa. Ya musanta, kuma haƙƙinsa ne ya musanta, alƙali ne zai yanke. Amma kaburburan ba wanda ya isa ya musanta su.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, mutumin nan ba ɓoyayye ba ne. Hukuma ta san shi, ta san gidansa, ta san abin da yake faɗa, domin a talabijin da YouTube yake wa'azinsa. An kama shi a 2017 kan wa'azin da yake yi na hana yara zuwa makaranta. An sake shi. An kuma kama shi a 2019 kan finafinan da yake yaɗawa. An sake shi. A watan Maris na 2023, bayan an samu labarin yara biyu da iyayensu suka bari da yunwa har suka mutu, an gurfanar da shi, kotu ta ba da belinsa a kan shilin 10,000, kuɗin da bai kai dala 100 ba. Ya koma daji. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Afrilu, aka shiga dajin aka fara haƙa. Ku tambayi kanku mutum nawa suka cika tsakanin ranar belin nan da ranar da aka fara haƙan. An kama shi, an sake shi, an kama shi, an sake shi. Wannan shi ne labarin Shakahola gaba ɗayansa, sauran duk bayani ne.

Kuma ba a rasa masu tsawatarwa ba. Iyaye sun kai ƙara cewa 'ya'yansu sun bar makaranta, maza sun nemi matansu sun rasa, 'yan uwa sun yi ta zirga-zirga ofishin 'yan sanda. Kwamitin majalisar dattawan Kenya da Sanata Danson Mungatana ya jagoranta ya fito da rahotonsa a Oktoban 2023, ya nuna yadda 'yan sanda da kotuna da jami'an yankin suka yi sakaci. Sai da aka gama mutuwa sannan Shugaba William Ruto ya kwatanta Mackenzie da ɗan ta'adda, sannan ministan cikin gida na lokacin, Kithure Kindiki, ya ayyana cocin a matsayin ƙungiyar masu aikata laifi a Janairun 2024. Shekara ɗaya da rabi bayan wannan sanarwa, ga Kwa Binzaro, kuma masu gabatar da ƙara na cewa wasu daga cikin waɗanda aka kama a can tsofaffin mabiyansa ne. Ashe sanarwa ba ta tsare daji.

Masu cewa 'yancin addini, ku saurara. Ni ma ina son 'yancin addini, kuma na san ranar da aka ɗauke shi talaka ne zai fara ji a jikinsa. Amma babu ƙasar da ta rubuta wannan 'yanci ba ta sa masa iyaka ba. A Najeriya sashe na 38 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin yin addininsa, sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita shi domin tsaron jama'a da lafiyarsu da kare haƙƙin wasu. Kenya ma da ta rubuta 'yancin addini a sashe na 32, ta rubuta haƙƙin yaro na abinci da karatu da magani a sashe na 53. Ba wanda ya ce alƙali ya zauna ya tantance ko fassarar da Mackenzie ya yi wa Littafi Mai Tsarki daidai ce. Wannan aikin malaman addininsa ne, kuma da yawansu sun fito sun barranta da shi. Aikin alƙali shi ne ya tambaya: ina yaron nan? Ya ci abinci? Me ya sa aka cire shi daga makaranta? Da ya yi rashin lafiya wa ya hana a kai shi asibiti? Kowace daga cikin tambayoyin nan akwai doka a kanta tun kafin a fara haƙa a Shakahola. Amfani da ita ne ba a yi ba, saboda da zarar mutum ya ɗaga littafi sai ɗan sanda ya ja baya.

Akwai kuma 'yan uwanmu da na ga suna cewa ai matsalar Kiristoci ce, ina ruwanmu. Haba jama'a. Mu da muke da Maitatsine a tarihinmu? Muhammadu Marwa fa an taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya dawo. An taɓa ɗaure shi, ya fito. Ya kafa sansaninsa a 'Yan Awaki a tsakiyar gari, ya tara almajirai da gardawa waɗanda iyayensu ke can ƙauye ba su san halin da suke ciki ba, yana tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke. Maƙwabta sun yi ta kuka da shi shekara da shekaru. Sai a Nuwamban 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa takardar ya tashi. A watan Disamba gari ya kama da wuta har sai da aka kawo soja. Kwamitin bincike na Mai shari'a Aniagolu ya ƙirga mutum 4,177 da suka mutu. Kuma abin bai tsaya nan ba, ya ɓulla a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Shi ma an san shi, an kama shi, an sake shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, balle mu da namu ya taɓa ƙonewa ƙurmus.

Kada kuma wani ya ce jahilci da talaucin Afirka ne. A Japan, ƙungiyar addini ta Aum Shinrikyo cike take da masu digiri a kimiyya. Lauyan da ya fara tsaya wa iyayen da 'ya'yansu suka shige ta, Tsutsumi Sakamoto, sun kashe shi da matarsa da jaririnsu a 1989, 'yan sanda suka yi ta jan ƙafa, har sai da ƙungiyar ta watsa iskar guba a jiragen ƙasa na Tokyo ranar 20 ga Maris 1995, mutum 13 suka mutu, dubbai suka jikkata. Haka cocin Unification a can Japan ɗin. Tun 1987 lauyoyi ke ƙorafi kan yadda ake tatsar mabiya, ba a ɗauki mataki ba sai da wani mutum da uwarsa ta ba cocin kimanin yen miliyan 100 har gidansu ya talauce ya harbe tsohon Firaminista Shinzo Abe a 2022. Kisan laifi ne babba, babu uzuri a kansa. Amma ku dubi yadda kotun Tokyo ta yi a Maris na 2025 da ta ba da umarnin soke rajistar cocin. Ba ta taɓa aƙidarsu ba, ba ta hana kowa ibada ba. Lissafi ta yi: mutum sama da 1,500 aka cuta, kuɗi kimanin yen biliyan 20. Ga waɗanda aka cuta, ga adadi, ga hukunci. Haka ake yi.

Na san wasu za su ce to a rufe duk wata ƙungiya da ta fita daban, a huta. A'a. Wannan ma lalaci ne irin na hukumar da ba ta son yin bincike. Ku tuna da Darul Islam, wata al'ummar Musulmi da ta keɓe kanta a kusa da Mokwa ta jihar Neja. A Agustan 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Boko Haram a Maiduguri, 'yan sanda suka dira suka kwashe mutum kusan 4,000, maza da mata da yara, aka tarwatsa su kowa ya koma inda ya fito, alhali ba a samu makamai a wurin ba. Tsoro ne ya yi aiki a ranar, ba shaida ba. Hukumar da take kwashe dubbai saboda kamanninsu ba su yi mata ba, ita ce kuma take sakin mutum ɗaya da aka kawo mata ƙararsa da sunayen yaran da suka mutu. Dukansu ciwo ɗaya ne, ba a duba abin da aka aikata. Baƙon aƙida a yi masa raddi da ilimi a masallaci da coci. Wanda ya hana yaro abinci, ko ya sa masa mari, ko ya raba shi da asibiti, a kama shi a ranar, ko da rawaninsa ya kai girman me, ko da gwamna na zama a sahun gaba na cocinsa.

Mu ma masu suka a nan dandalin sai mun gyara. Idan abin ya faru a ɓangaren da ba namu ba, kowa ya zama lauya, ana ta yaɗa hotuna. Idan ya zo gida, sai a ce hassada ce, ana so a ɓata wa Malam suna, naman malamai guba ne. Girmama malamai wajibi ne, amma uwar da ta zo tana kuka cewa an raba ta da 'yarta, an hana ta ganinta wata da watanni, ita ma tana da haƙƙin a saurare ta kafin a kira ta maƙiyiyar addini. Duk wurin da aka ce maka kada ka gaya wa danginka abin da ake yi a ciki, ka sayar da gonarka ka kawo kuɗin, ka yanke hulɗa da iyayenka domin su ɓatattu ne, to ba sai an ga gawa ba kafin a tambaya.

Wani abu kuma da har yau yake damuna. A Yunin 2023, mutum 65 daga cikin waɗanda aka ceto daga Shakahola, da suka ƙi cin abinci a inda aka ajiye su, sai aka kwashe su zuwa kotu aka tuhume su da yunƙurin kashe kai. Mutanen da aka juya musu tunani, wasu sun binne 'ya'yansu da hannunsu, ko tsayuwa da ƙyar suke yi, maimakon likita da mai lallashi sai aka kai su gaban alƙali. A Janairun 2025 babbar kotun Kenya ta ce sashen dokar da ya mai da yunƙurin kashe kai laifi ya saɓa wa tsarin mulki. A Najeriya kuwa an daɗe ana kiraye-kirayen a cire irin wannan sashe daga dokokinmu na laifuka, na Kudu da na Arewa. 'Yan majalisarmu da ke bibiyar wannan shafi, don Allah ku duba maganar nan, domin wanda ya kai ga son ya rabu da ransa asibiti ya kamata a kai shi.