Ƙanena zai zo Norwe ganin duwatsu, neman bizarsa ya sa ni tunanin gida

Watan Maris ɗin da ya wuce ƙanena ya kira ni daga Zariya da daddare, ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce Yaya na tara ɗan abin da na tara, bana dai ina so in zo wajenka in ga koren hasken nan na sararin sama da kake turo mana hotonsa, hutuna a Yuli ne. Wallahi na ji daɗi har raina, shekarata shida a birnin Bergen na Norwe ba a taɓa samun wani nawa da ya ce zai zo don ganin ƙasa kawai ba, kowa tambayarsa ɗaya ce, akwai aiki? akwai hanyar karatu kyauta? Amma dole na gaya masa gaskiya, a Yuli ba mai ganin hasken nan don sai da duhu yake fitowa, can arewa kuwa a Tromso rana ba ta faɗuwa kwata-kwata tun daga wajen 20 ga Mayu har wajen 22 ga Yuli. Mai son koren haske sai ya zo tsakanin ƙarshen Satumba da Maris, ya kuma yi shirin sanyin da hunturun Jos ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Mai son hawan dutse da kallon ruwa, shi ne na Yuli. Ya yi shiru can ya ce to duwatsun.

Mu fa yadda muka taso, tafiya wurin mutum ake yin ta. Ka saɓi jaka ka je tasha, mota ta cika a tashi, Katsina, Jibiya, ka ƙetara Maraɗi, babu wanda ya san kana tafe sai dai a ji sallamarka a zaure, a shimfiɗa tabarma a kawo ruwa, ba mai tambayarka kwana nawa za ka yi don abin kunya ne. Ina ƙaunar wannan ɗabi'a, ina kewarta kullum. Sai dai bizar Shengen, wato bizar shiga rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, ba ta san da ita ba sam. Ita so take ta ji ranar da za ka shigo, inda za ka kwana kowane dare, wa zai biya, da kuma babban abin, me ka bari a gida da zai ja ka ka koma.

Norwe da Aisilan ba sa cikin Tarayyar Turai amma suna cikin Shengen, tare da Suwidin da Danmak da Finlan, don haka biza ɗaya ta ishe ka zaga su duka, kwana 90 cikin kowane 180. Ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema wa, kada ka nemi ta wata don an ce ta fi sauƙi sannan ka wuce wata. Kuɗin yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu da ɗaukar hoton yatsu. Inshorar lafiya sai ta kai yuro 30,000, fasfo ya zama da sauran wata uku bayan ranar fitarka da shafi biyu da ba a taɓa ba. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, yawanci amsa na fitowa cikin kwana 15 amma tana iya jan 45, wanda duk ya bari sai saura mako biyu ga tafiyar Yuli ya yi wa kansa.

Inda muka yi doguwar magana da shi shi ne batun ejan. Washegari ya ce min abokinsa ya haɗa shi da wani mai harkar biza, zai yi komai, bukin ɗin otal, tikiti, har da zuba kuɗi a asusunsa na kwana uku don takardar banki ta yi kyau. Na ce Malam kada ka soma. Ɗan gwaggonmu haka aka yi masa shekarun baya da ya nemi ta wata ƙasar Turai, mutum mai shagonsa da rufin asirinsa, ejan ya saka masa otal ɗin da bai san sunansa ba, ya jibga masa miliyoyi a asusun da wata shida bai ga irinsu ba, aka ƙi shi, kuɗinsa suka tafi, kuma ƙin nan yana zama a kwamfutarsu duk ƙasashen Shengen suna gani. Na ce kai malamin makaranta ne, albashinka na shiga kowane wata, kana da mata da yara biyu, kana da takardar hutu mai ranar komawa aiki, wannan shi ne ƙarfinka, albashi kaɗan mai shiga a kai a kai ya fi tsabar kuɗin da suka faɗo rana ɗaya ba asali. Ni kuma na rubuta takardar gayyata da cewa a ɗakina zai kwana.

Ba ina cewa tsarin nan adalci ba ne fa. Yuro 90 kusan ninki biyu ne na mafi ƙarancin albashin Najeriya, naira 70,000, kuma in aka ƙi ka ko sisi ba a mayar maka. Abokan aikina a nan ranar Alhamis za su yanke shawara, Juma'a suna Kopenhagen, ƙanena kuwa sai ya baje sirrin asusunsa da takardar aurensa gaban baƙo don ya tabbatar cewa dutse kawai yake son gani. Yana min ciwo. Amma tunda kiɗan nasu ne, gara ka shiga da gaskiyarka a tsare da ka shiga da ƙaryar wani.

Da muka zauna tsara kwanaki goman a waya sai na ga shi kansa tsarin ya fara yi masa daɗi. Zai sauka Oslo ya hau jirgin ƙasa mai zuwa Bergen, tafiyar wajen awa bakwai, yana bi ta Finse mai tsayin mita 1,222 inda ko a Yuli za ka hangi ƙanƙara kwance a kan duwatsu. A Myrdal zai sauka ya shiga ƙaramin jirgin Flam, kilomita 20 kacal amma gangara ce daga sama da mita 860 har bakin ruwa, ni zan tare shi a can mu shiga jirgin ruwa cikin Naeroyfjord, wato irin mashigin tekun nan da ya ratsa tsakanin duwatsu ruwa na zubowa ta ko'ina, UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya tun 2005. Daga baya bas zuwa Stavanger, sau biyu bas ɗin ke shiga cikin jirgin fito, sai Preikestolen, wani faffaɗan falalen dutse mita 604 a saman ruwa, kilomita takwas zuwa da dawowa, wajen awa huɗu. Ya so hawa wani dutsen mai suna Trolltunga na hana, tafiyar awa goma zuwa sha biyu ce, ba ta wanda bai saba ba ce.

Na gaya masa ya bar kilishi da dambun nama a gida, doka ta hana shigo da nama daga wajen Turai, za a ƙwace, yaji dai ya taho min da shi. Ya nemi katin banki mai aiki a waje don a nan da wuya ka ga mai riƙe tsabar kuɗi. Rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa, Bergen ana ruwa sama da kwana 200 a shekara, 'yan Norwe su kansu cewa suke babu mummunan yanayi sai dai mummunar sutura. Magariba kuma sai wajen sha ɗayan dare, ya shirya wa wannan.

Akwai abin da nake so ya gani da idonsa fiye da duwatsun. A nan daji wurin hutu ne. Suna da doka tun 1957 da ta ba kowa, har baƙo, damar yawo a dajin da ba a noma ko na waye, ka kafa tanti ka kwana biyu muddin ka yi nisan mita 150 daga gidan mutane, ka tsinci 'ya'yan itace, ka bar wurin yadda ka same shi. Ƙungiyarsu ta masu yawon daji, DNT, tun 1868 take, tana da bukkoki sama da 500 a kan duwatsu, da yawansu babu mai gadi, ka shiga ka dafa abincin da aka ajiye ka rubuta abin da ka ci ka biya da kanka. Ranar farko da na kwana a irinsu na ga wata dattijuwa da ta haura saba'in ita kaɗai da sandarta da jakarta, ta rubuta gwangwanin miya ɗaya da ta buɗe a takarda, ba wanda ke kallonta. Na fita waje na zauna a kan dutse ina tuna mahaifiyarmu da ba ta iya zuwa gonar da ta gada saboda tsoro.

Don mu yanzu in aka ce daji gaban mutum faɗuwa yake. Alhali muna da abin gani wallahi. Dutse mafi tsawo a Norwe, Galdhopiggen, mita 2,469 ne, namu Chappal Waddi da ke Gashaka Gumti a Taraba mita 2,419, bambancin mita 50 ne kawai, amma mutum nawa ka sani da ya taɓa hawansa? Muna da Mambila, muna da ruwan Matsirga mai zubowa daga dutse a Kafanchan, muna da raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, muna da Wikki a Yankari da makarantarmu ta kai mu muna 'yan sakandare, ruwan nan mai ɗumi garai-garai kana ganin yashin ƙasansa, har yau ban shiga ruwan da ya kai shi daɗi ba. Abin da muka rasa hanya ce mai alama, da wurin kwana mai tsafta, da kwanciyar hankalin da zai sa uwa ta bar ɗanta ya tafi.

An ɗauki hoton yatsunsa a Abuja makon jiya, muna jiran amsa, Allah Ya sa mu ji alheri. Jiya ya turo min hoton takalmin da ya saya a Sabon Gari, ya ce tun yanzu kullum da asuba yana hawa dutsen Kufena don ƙafarsa ta saba. Na ce masa in na zo gida a Disamba, in hanya ta yi kyau, shi zai kai ni Gembu a kan tsaunin Mambila.