Ku buɗe babin kunne kafin ku sayi littafin

Ɗaliban ilimin halittu da ke neman littafin kwatanta sassan jikin dabbobi masu ƙashin baya, kada kauri ko kyan bango ya ruɗe ku. Ku fara buɗe babin kunne. A can nake yanke wa irin wannan littafi hukunci.

A kunnen kowace dabba mai shayarwa akwai ƙananan ƙasusuwa uku da ke isar da sauti ciki. Raggon littafi zai jero sunayensu na Latin, ya zana su, ya wuce, ya bar ɗalibi da hadda. Na kirki zai nuna maka cewa biyu daga cikinsu su ne mahaɗar muƙamuƙi a jikin ƙadangare, na ukun kuma shi ke rataye muƙamuƙin kifi a jikin ƙoƙon kai. Tun 1837 Bajamushe Karl Reichert ya hango haka a jikin 'yan tayi. Marubucin da ya kasa ba da wannan labari dalla-dalla, to me ya kwatanta?

Daga nan ku leƙa babin jijiyoyi ku nemi raƙumin dawa. Jijiyar da ke motsa maƙogwaronsa tana fitowa daga kai, ta gangara har ƙirji, ta zagaye babbar jijiyar jini kusa da zuciya, sannan ta sake hawowa wuya, tafiyar da ta haura mita 4. A jikin kifi hanyar gajeriya ce, don ba shi da wuya, zuciyarsa na nan dab da kai. Duk wanda ya ga zanen dabbobin biyu a shafi ɗaya ba ya mantawa. Wani abin sha'awa kuma, ƙasusuwan wannan dogon wuya bakwai ne, daidai da namu.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne littafin da ke jera dabbobi kamar tsani: kifi a ƙasa, kwaɗo, ƙadangare, tsuntsu, mutum a ƙoli. A wannan lissafi zuciya tana tashi daga ɗaki biyu zuwa uku zuwa huɗu, shi ke nan. Sai ga kada ya zo ya ɓata lissafin, don zuciyarsa ɗaki huɗu ce, kuma ya fi kusa da tsuntsu a zumunci fiye da ƙadangare. Littafin da ya tura wannan magana can ƙasan shafi da ƙananan haruffa ya cuci mai karatu.

Batun tsufan bugu kuwa, gwajin mai sauƙi ne. Ku duba ko akwai Tiktaalik, kifin nan mai wuya da ƙasusuwan hannu a cikin fiffikensa, wanda aka tono a tsibirin Ellesmere na Kanada a 2004, mai shekara kusan miliyan 375. In babu shi, amma ga zanen 'yan tayi da masanin halittu Bajamushe Ernst Haeckel ya yi a 1874 ba tare da an faɗi cewa ya yi ƙari a kamanninsu ba, bangon ne kawai sabo.

Sai zane. Ina son ƙashi ɗaya ya riƙe launi ɗaya daga fiffiken jemage zuwa ƙafar doki zuwa hannun mutum, yadda ranar feɗe dabba a ɗakin gwaji ɗalibi zai ɗaga kai ya kalli shafi, ya sunkuya ya gane abin da ke ƙarƙashin wuƙarsa.