Wa Ya Tsaga Muku Zuciyar Yusuf Islam?

A cikin makon nan wani matashi ya turo ɗan guntun bidiyo a wani zauren WhatsApp da nake ciki, bidiyon da ke nuna Yusuf Islam, dattijo mai furfura, yana rungume da jita a gaban dubban mutane a bikin kiɗa na Glastonbury da aka yi a Ingila a shekarar 2023. Kafin a kira sallar isha'i maganganu sun cika wurin. Wani ya ce dama can munafuki ne, wani ya ce ya koma ruwa, wani kuma, wanda na tabbata bai kai shekara ashirin da biyar ba, ya rubuta kalmar ridda kai tsaye ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Wannan ne ya hana ni yin shiru, domin mutumin da kuke yanke wa hukunci ya karɓi kalmar shahada tun kafin iyayen wasunku su yi aure.

Ya ku ƙannena, kafin mutum ya buɗe baki a kan imanin wani, mafi ƙarancin adalci shi ne ya san ko wanene. An haife shi a Landan a shekarar 1948 da sunan Steven Georgiou, mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Saifurus, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙasar Suwidin, ya kuma yi karatun firamare a makarantar Katolika. Da sunan Cat Stevens duniya ta san shi, ya sayar da miliyoyin faya-fayai, ya samu kuɗi da ɗaukaka irin wadda mawaƙanmu na gida ke mafarkinta. A ƙarshen shekarun 1960 tarin fuka ya kwantar da shi har ya kusa mutuwa, kuma a kan gadon asibitin ne ya fara tambayar kansa abin da rayuwa take nufi. Ya shafe shekaru yana lalube, ya karanta addinin Buda, ya leƙa ilimin taurari da na lissafin lambobi, duk bai samu natsuwa ba. Daga baya igiyar teku ta ja shi a Malibu da ke Kalifoniya, ya ga mutuwa ido da ido, kuma kamar yadda shi da kansa yake bayarwa, ya roƙi Allah ya cece shi bisa alkawarin zai yi masa aiki, sai wata igiyar ta turo shi gaɓa. Yayansa ne ya kawo masa tsarabar fassarar Alƙur'ani daga birnin Ƙudus, ya zauna ya karanta da kansa, ya musulunta a Babban Masallacin Landan a watan Disambar 1977. Ya zaɓi sunan Yusuf ne saboda ƙissar Annabi Yusuf ta taɓa shi, domin ya ga kansa a matsayin wanda aka saya aka sayar a kasuwa.

Wannan mutumin ne yaron da bai taɓa barin ko sisi saboda Allah ba yake kira munafuki. Yusuf ya yi gwanjon jitocinsa ya ba da kuɗin sadaka, ya juya wa dandalin waƙa baya fiye da shekara ashirin da biyar a lokacin da tauraruwarsa ke haskawa. A shekarar 1983 ya kafa makarantar Islamia a Landan, wadda a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta amince ta tallafa wa. Yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid, ya kuma tsaya wa marayun yaƙin Bosniya. A shekarar 2004 aka karkatar da jirgin da yake ciki zuwa jihar Maine, aka hana shi shiga Amurka, aka mayar da shi Ingila. Ya sha wannan duka da sunan addinin da ku kuka tarar a gida ba tare da kun nema ba.

Ba ina cewa ba ya kuskure ba ne, kuma ba ina halatta muku kiɗa ba ne. Ni kaina ina tare da malaman da suka ce a nisanci kayan kiɗa, kuma da zai nemi shawarata da na ce ya bar jitar inda ya ajiye ta. Amma ya koma waƙa a shekarar 2006 a bainar jama'a, bai ɓoye ba, har littafi ya rubuta yana bayyana hujjarsa, kuma saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, tun zamanin Ibnu Hazmin ɗan Andalus ake yin sa. Wanda ya bi ra'ayi mai rauni ana ce masa ya yi kuskure, ana kawo masa dalili cikin ladabi. Daga kuskure zuwa kafirci akwai tazara mai nisan gaske, ku kuma kuna tsallake ta da babban yatsa cikin daƙiƙa guda. Kun manta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Usamatu bin Zaidu lokacin da ya kashe mutumin da ya furta shahada a fagen yaƙi yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi, inda ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani? Kun manta cewa wanda ya ce wa ɗan uwansa kafiri, kalmar sai ta koma kan ɗayansu? Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka rubuta a intanet ta fi wuyar janyewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne su waɗannan masu zagin ne dai suke yaɗa hotunansa shekarun baya suna kabbara, suna cewa ga shahararren mawaƙin Turawa ya gane gaskiya. A lokacin ba mutum suke gani ba, ganima suke gani da za su yi wa wasu gori da ita. Ba su taɓa tambayar wane irin kaɗaici ne ke samun wanda ya bar abokai da sana'a da al'adar da ya tashi a ciki ba, ko yadda yake fama da zuciyarsa da tsakar dare, ko yadda yake ji idan jaridun ƙasarsa suna masa kallon maci amana, 'yan uwansa Musulmi kuma suna masa kallon wanda bai cika ba. Haka aka yi wa mawaƙiyar nan ta Ayalan, Sinéad O'Connor, wadda ta musulunta a 2018: aka yi ta murna, da ta rasu a 2023 kuma wasu suka zauna suna tantance ko ta cancanci addu'a, alhali mace ce da ta daɗe tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ta kuma binne ɗanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da yawa daga cikin masu wannan fatawar wayoyinsu cike suke da waƙoƙin da ba za su iya kunnawa a gaban iyayensu ba. Wasu suna kwana a kan cacar ƙwallo, asuba ta wuce suna barci, su farka da hantsi su fara rabon Aljanna da wuta. Ban ma son in shiga batun raye-rayen TikTok da 'yan matanmu ke yi da hijabi a jiki, wanda su waɗannan alƙalan ne ke fara danna alamar so a ƙarƙashinsa.

Ya kamata mu koma mu gyara, mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu, iyaye da malamai kuma su sa ido. Mun taso mun tarar da malaman zaure waɗanda suka shafe shekara arba'in suna karantar da Risala da Muhtasar, amma idan aka tambaye su makomar wani mutum takamaimai sai su sunkuyar da kai su ce Allah ne masani. Tubabbe kuwa, a wancan lokacin, riƙe shi ake yi hannu biyu, a ba shi masauki, a koya masa alwala da haƙuri, a yi masa aure, idan ya yi tuntuɓe a rufa masa asiri a kira shi gefe. Yaro ba ya tsoma baki a maganar dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, balle ya kore shi daga addini. Yanzu waɗancan malaman sun kwanta dama, zaurukansu da yawa an mayar da su shagunan cajin waya, kuma a nan ne jikokin almajiransu ke zama suna yanke wa mutanen da ba su taɓa gani ba hukunci.