Dogon gashi ba ya ƙara wa mutum ji

Wasu na cewa dogon gashi kamar eriya yake, wai mai shi yana jin abin da wanda ya yi aski ba ya ji. Ba haka ba ne. Silin gashin da ke waje matacce ne, sinadarin keratin ne irin na farce, babu jijiya ko jini a cikinsa. Shi ya sa almakashi ke yanka shi ba zafi.

Jin taɓi yana can a tushe. Kowane sili yana fitowa ne daga ɗan rami a cikin fata, kuma ƙananan jijiyoyi sun nannaɗe ramin. Iska ko ƙwaro ya lanƙwasa silin, tushen ya motsa, jijiyar ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Gajeren gashin hannu ma ya ƙware a wannan aiki, domin motsi kaɗan ya isa tushe nan take. A 2011 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun aske hannu ɗaya na masu sa kai suka bar ɗayan, suka ɗora kuɗin cizo. Hannun da ba a aske ba ya fi gane tafiyar ƙwaron.

Darajar da ake ba tsawon gashi, ko askin da ake wa sabon soja, ma'ana ce da jama'a suka ɗora masa. Amma zafin da ake ji idan an ɗaure gashi tamau na gaske ne, tushe ne ke shan ja. In aka daɗe ana yi, ramin yakan lalace, gashin goshi ya zube, wani lokaci ba ya sake tsirowa.