Mantuwar ɓera daban, ta Baba daban

An turo a guruf ɗinmu na Sakkwato wai an gwada zogale ga ɓeraye ya warkar da mantuwa, kowa ya ba tsohonshi. Jama'a a bi sannu. Ɓerayen ga ba tsufa ya sa su mantuwa ba, allurar sikofolamin ake musu ta toshe aikin sinadarin asetilkolin mai taimaka ma tunawa cikin ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, a ba su ruwan ganyen, sannan a saka su cikin baho a ga ko za su tuna inda ɗan dandamalin da aka ɓoye ƙarƙashin ruwa yake. In sun tuna, alama ce kawai, saura gwaji ga mutane, kuma nan magunguna da yawa ke faɗuwa. Baba in ya fara ɓata hanyar masallaci, asibiti za a kai shi.