Wanda ya yi shiru a guruf, wa ya neme shi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan nasiha ce ga masu zaman gida: ɗalibin da ke hutu, wanda ya gama karatu yana jiran hidimar ƙasa, wanda kasuwa ta tsaya masa, mai jego, da majinyacin da aka ce ya kwanta ya huta. Duk wanda ya ga kullen korona a 2020, ko ya sha yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022 da ya ci wata takwas cur, daga Fabrairu har Oktoba, ya san irin wannan zama. Gari ya waye, an yi sallah, an karya kumallo, sai kuma me? Sai waya.

Ni ba na cikin masu cewa waya sharri ce. Da ita ake jin muryar ɗan'uwan da ke Legas ko Makka ba tare da an biya kuɗin mota ba, kuma wannan ni'ima ce da kakanninmu ba su samu ba. Sai dai Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce akwai ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu: lafiya da samun sarari. To mai zaman gida, galibi duka biyun suna hannunsa.

Ku duba yadda wuni ke tafiya a guruf ɗin tsofaffin 'yan aji. Da safe a turo hoton fure da barka da asuba. Da hantsi a ɓarke da musu kan Barcelona da Real Madrid, da la'asar a koma siyasa, da dare a yi ta jifan juna da sitika har caji ya ƙare. A tsakiyar haka sai wani ya sanar cewa mahaifiyarsa ta rasu. Nan da nan "Allah ya jiƙan rai" ya jeru reras, wani ma kwafo na saman shi ya yi ya liƙa, kafin a jima an koma ƙwallo. Mutum nawa ne suka ɗaga waya suka kira shi? Nawa ne suka sake tuntuɓarsa bayan an share makoki, lokacin da gida ya watse ya rage daga shi sai kewa? Mun wuni tare, amma ba mu gaisa ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya ɓace shiru. Da shi ake raha, sai aka daina ganinsa, kuma ba wanda ya ce ina wane. Wataƙila wayar ya sayar ya sayi magani. Wataƙila kuɗin data ne ya gagara, don mai zaman kashe wando ya san darajar naira ɗari biyu. Wani kuma kunya ce ta kore shi: sa'o'insa na ta ɗora hoton ofis da na ɗaurin aure, shi ko kuɗin aski sai ya roƙa. Irin wannan ba a guruf ake nemansa ba. Kira shi kai tsaye, ka ce "Kwana biyu, lafiya kuwa?", sannan ka yi shiru ka saurara. Idan da hali ka tura masa ɗan kati, kar kowa ya ji. Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya tafi wani gari ziyarar ɗan'uwansa, Allah ya sa mala'ika ya tare shi a hanya ya tambaye shi ko akwai wata bukata da yake bi. Ya ce babu, don Allah kawai yake sonsa. Mala'ikan ya yi masa albishir cewa Allah yana sonsa kamar yadda ya so ɗan'uwan nasa. Gaskiya ne zumunci a ƙafa yake, kuma idan abokin unguwarku ɗaya, kira ba ya ɗauke maka tattaki. Amma wanda nisa ya raba ku, muryarka ta fi sitika ɗari.

Sai batun harshe. Idan hira ta yi tsawo kuma babu abin faɗa, naman mutane ake koma wa, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Wadda aka yi da babban yatsa ma giba ce, har ta fi ta majalisa muni, domin ta majalisa iska na kwashewa, wannan kuwa tana nan a ajiye, gobe a ɗauki hotonta a kai wa mai ita. Haka tura duk abin da ya shigo. Masu shekaru sun tuna 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu daga barci don ƙauna, wasu suka ƙare a asibiti, wasu suka rasa rai. Hadisi ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji.

Hirar tsakar dare da matar wani ko mijin wata da sunan "ai 'yar ajinmu ce", wannan kowa ya san hukuncinta, ba sai na tsaya ba. Wanda kuma ya toshe lambar ɗan'uwansa kan musun siyasa, ya tuna ba a yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba.

Kar kuma neman na nesa ya sa a manta na cikin gida. Ba daidai ba ne Inna ta kira ka sau uku daga tsakar gida kana "ina zuwa" idonka na kan waya, ko a tada iƙama kana naɗar saƙon murya. Kife wayar ka amsa, abokin zai jira.